Hukuncin sayar da shanun mara lafiya don neman allurar da ba ta gama gwaji ba

Tambaya daga Garwa: Malam, likitoci a Yawunde sun ce mahaifinmu na da ciwon ƙwaƙwalwa mai suna Creutzfeldt-Jakob, yanzu ko mu ba ya ganewa. Yayanmu ya ji labarin wata allura a Ingila, yana son a sayar da shanun Baba a kai shi. An ce kuma daga jikin ɓera aka samo ta. Ya halatta?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Ba ƙwayar cuta ke kawo wannan ciwo ba. Wani furotin ne na jikin mutum, firiyon, yake lanƙwashewa ya lalata 'yan'uwansa. Da yake ɗan gida ne, garkuwar jiki ba ta yaƙarsa, shi ya sa masana suka ƙera mata mayaƙa a waje. Allurar PRN100 ke nan, wadda aka yi wa mutum shida a Landan daga 2018 zuwa 2019. Ta isa ƙwaƙwalwa, amma duka shidan sun rasu.

Neman magani halal ne. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Batun ɓera kada ya dame ka: abin ya rikiɗa gaba ɗaya, hukuncin istihala ya hau kansa, kamar giyar da ta koma hallu, wato ruwan tsami.

Inda na tsaya shi ne shanun. Magani na zama wajibi idan an rinjayar da zaton zai tsirar da rai, wannan kuwa bai kai nan ba. Dukiyar kuma har yau ta Baba ce, ba gado ba ce. Wanda hankalinsa ya gushe, waliyyinsa ba ya taɓa dukiyarsa sai da maslaha bayyananna, ga iyalin da ciyarwarsu ke cikin garken nan. Saboda haka ban ga halaccin sayarwar ba. Allurar ma ba a kasuwa take ba, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku ita, ɗan damfara ne.

In wata rana asibiti amintacce ya ba da ita don amfanin shi Baba, likitansa ya yarda, waliyyi na iya amincewa. In kun bari, babu zunubi a kanku. Ka gaya wa yayanka da taushin murya, ƙauna ce ta sa shi. Kuɗin da ya halatta ku ciro daga garken shi ne na jinya: maganin zafi, abinci, da mai kwana da shi.

Wallahu a'alam.