Tambaya da Amsa: Kyamarar Baba ta ƙi motsi

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Dan Allah a taimaka min. Muna gyara ɗakin marigayi babanmu sai na tsinci wata kyamara cikin adaka ƙarƙashin manyan rigunansa, Polaroid ce an rubuta 600 a jikinta, irin mai tofo hoto nan take. Na juya ta ta ko'ina ban ga wajen sa batir ba, akwai tsohon fim a ciki amma na danna har yatsa ya gaji ko motsi bata yi. Abokina da ya je Duwala ya kawo min sabon fim an rubuta i-Type a kwalin, ya shiga daidai amma shiru kake ji. Mai gyaran waya yace in kawo ya kwance ta. Ni dai so nake in ɗauki Inna da ita ranar sallah. Ta mutu ne?
Ɗanka daga Yelwa, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin komai kar ka bari kowa ya kwance ta, jikinta roba ce da ta tsufa, ana ɓanɓarowa take karyewa, kuma wajen filas ɗin yana riƙe wuta, zai iya jan mutum.

Baka ga wajen batir ba don babu shi. Batirin, wato pil kamar yadda muke cewa a nan, yana cikin kwalin robar fim ɗin ne, wanda ake zurawa a kyamarar, wani falle mai bolt 6 kwance ƙarƙashin takardun hoton, duk sabon fim da sabon batirinsa. Wancan da Baba ya bari a ciki kuwa, tsohon kamfanin ya daina yin fim tun 2008, kaga batir ya mutu tuntuni, maganin da ke wanke hoton ma ya bushe. Wasu ne suka sayi injinan masana'antar da ke Enschede a ƙasar Holan suka ci gaba da yi, yanzu su ke amfani da sunan Polaroid. To i-Type ɗin nan nasu na sababbin kyamarori ne masu caji, ba batir a cikinsa sam, girman dai ɗaya ne shi ya sa ya shige ya yaudare ka. Abokinka bai yi laifi ba, mai shagon ne ya kamata ya tambaye shi. Wanda zaka nema shi ne mai rubutun 600 ɓaro-ɓaro. Kar a baka Instax, na Fujifilm ne ba zai shiga ba, na SX-70 kuma na wata irin tsohuwar Polaroid ne daban, hoton zai fito da duhu.

In ka sa na 600 ka rufe murfin, zaka ji ta yi gurnani ta turo wata baƙar takarda, to tana da rai ke nan. In shiru, cire kwalin cikin ɗaki mai duhu ka leƙa, akwai ƙarafa biyu ƙanana da suke taɓa batirin, ka goge su da busasshen tsumma. Lambar ƙirga hoto da ke bayan kyamarar zata fara daga 10 amma fim na yanzu guda 8 ne, in ta kai 2 ya ƙare, ba cutarka aka yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin Garwa. Fim ɗin nan an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 13 zuwa 28, mu kuwa a Maris da Afirilu sai mu wuce 40 har ruwan randa ya yi ɗumi. Ni na gani da idona, na taɓa barin kwali guda kan kujerar mashin a wani biki a Marwa, awa ɗaya kacal na shiga cin tuwo, da na ɗauki amarya sai ta fito jajawur kamar an tsoma ta a manja, farar shaddar ango ta koma ruwan ɗorawa, ƙannen amarya har yau basu daina min tsiya ba. Don haka ka gaya wa mai kawo maka daga Duwala ko Yawunde ya duba ranar da aka buga a kwalin, in ya wuce shekara ya bar musu kayansu, kuma ya riƙe shi a jakar hannu, kar ya yarda a ɗaure shi saman mota daga Ngaundare rana ta gasa shi. Ya iso ka kwantar da shi a firigo, banda wajen ƙanƙara, in wuta ta ɗauke ka bar shi a ciki a rufe, ka fito da shi kamar awa ɗaya kafin aiki.

Sai ƙura. Buɗe murfin zaka ga rola biyu na ƙarfe, su ke matse maganin ya bazu kan hoton, in datti ya maƙale zaka ga ɗigo-ɗigo a jere tazara ɗaya daga sama har ƙasa. Tsumma mai ɗan danshi, kana juyawa da yatsa kana gogewa, ka bari su bushe.

Hoto ya fito kar ka yi ta fifita da shi yadda muka ga ana yi da, kife shi nan take a inuwa, kusa da tulu ma ya fi, ka bashi minti 10 zuwa 15. Kuma hana yara warta, na san su.

Ranar sallah ka bari sai bayan la'asar, ka zaunar da Inna a inuwar zaure rana tana bayanka, ka ja baya aƙalla mita ɗaya da rabi don in ka matso sosai fuskar zata yi dishi-dishi. Na farko ka gwada kan ƙanenka, na biyu sai Inna. Ka gaishe ta, in ya yi kyau a turo mana mu gani.