Kwano Zan Canza Ko Katanga Zan Yi Wa Siminti? Shirin Gida Kafin Damina a Sakkwato

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni magidanci ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Gidanmu na gado ne: ɗaki biyu na bulo masu rufin kwano inda nake da iyalina, sai ɗakin mahaifiyata na ƙasa mai soro, katangar gidan ma ta ƙasa ce. Akwai babban dogon yaro a tsakar gida. Bara iskar farkon damina ta yaye rufin maƙwabcina ɗungurungum, mu kuma duk ruwan da aka yi sai tsakar gida ta cika, ya kwana bai janye ba. Ɗan abin da na tara ba zai isa komai da komai ba. Shin kwanon zan canza, ko katangar zan yi wa filasta da siminti? In kuma aka yi ɓarna, da me ake farawa?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ka kyauta da ka yi tambaya tun hadari bai fara haɗuwa ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawarata ita ce kada ka fara da ko ɗaya cikin biyun nan. Fara da ɗaure rufin da kake da shi, da gyara soron Inna, da buɗe wa ruwa hanyar fita daga gidan. Ukun nan gaba ɗaya ba lallai su ci kuɗin sabon kwano ba, kuma su ne ke hana asarar rai.

Daminarmu gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Amma ɓarnarta iri biyu ce. A ƙarshen Mayu da cikin Yuni hadari kan taso daga gabas, ya turo jar ƙura a gabansa, iska ta yi ta'adinta cikin 'yan mintoci, wani lokaci ko yayyafin kirki ba a samu ba. Ita ce mai cin rufi. A watan Agusta kuwa, lokacin malka, ƙasa ta riga ta ƙoshi, ruwa ya rasa wurin shiga, sai ya kwanta a gindin gini. Shi ne mai ka da katanga. Tunda iska ke fara zuwa, da rufi za mu fara.

Idan iska mai ƙarfi ta bi ta kan rufi, zuƙo shi take yi sama, kuma ƙarfin zuƙar ya fi yawa a kusurwoyi da bakin kwano. In aka yi rashin sa'a ƙofa ko taga mai kallon gabas tana buɗe, iskar ta shiga ɗaki ta tura daga ƙasa, ƙarfi ya zama biyu. Ka ce rufin maƙwabcinka ɗungurungum ya tashi. Ma'anarsa kwanon ya riƙe katako da kyau, katakon ne bai riƙe bango ba. Da sabon kwano fil ne a kansa, da haka zai tashi da shi.

Saboda haka samo kafinta, ku leƙa cikin silin da rana tsaka. Abu na farko, ku dubi katakon da ke kwance a kan bango: an ɗaure shi da rodi ko langalanga da aka binne cikin ginin, ko kuwa ɗora shi kawai aka yi aka danne da ɗan siminti? A gidaje da yawa na biyun za ka tarar. Gyaransa ba wuya. A huda bango a ƙasan bulo na biyu ko na uku daga sama, a zura langalanga ko siririn rodi, a zagayo da shi ta kan katakon a ɗaure tamau, a cike ramin da siminti. A yi haka a kowace kusurwa, sannan kusan kowace mita ɗaya a tsawon bangon. Abu na biyu, ɗauki sukundireba ka riƙa danna katakon. Wanda gara ta ci daga waje lafiya lau yake, amma kana dannawa ƙarfen zai nutse, ƙasa-ƙasa ta zubo maka a hannu. Irin wannan ba ya riƙe ƙusa, a cire shi. Abu na uku, ɗaga kai ka dubi kwanon: duk inda ka ga ɗigon haske, nan ne zai yi yoyo. A like, a maye ƙusoshin da suka yi sako-sako da ƙusa mai hula, a buga ta a kan tudun kwanon, kada a buga a kwarin da ruwa ke bi, a kuma ƙara yawanta a gefe da kusurwa. Fallen da tsatsa ta cinye kaɗai za ka canza. Sauran su jira kaka.

Ina roƙonka kada ka bi sahun masu danne kwano da duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi. Iskar da za ta ɗaga rufi za ta ɗaga su tare da shi, kuma a tsakar gidan da yara ke wasa za su sauka. In kana da farantin sola ko tankin ruwa a sama, a duba ƙafafunsu. Tanki kuma kada a bar shi wayam ranar hadari.

Soron Inna ya fi damuna a kan komai. Hau ka cire ciyawar da ta tsiro, ka share, ka cike tsagogi, ka tabbatar gangaren yana kai ruwa ga indararo, ba ya taruwa a tsakiya. Indararon ya zama a buɗe, kuma ya yi tsawon da zai watsa ruwa nesa da bango. Wanda ya karye ya zama guntu, kan bangon yake tsiyaya, cikin damina ɗaya sai ya tona masa kwari tun daga sama har ƙasa. Akwai al'adar ƙara wa soro ƙasa duk shekara ba tare da kankare tsohuwa ba. Nauyi ne ake tara wa azara, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba. Shiga ɗakin ka dubi azarar. In ta lanƙwasa, ko akwai tabon ruwa, ko Inna na yawan share ƙasar da ke zubowa daga sama, kira magini ya tokare ko ya sauya tun yanzu. In kuma gyaran bai samu ba, ta koma ɗakin bulo a watan Agusta. Na san tsofaffi ba su son barin ɗakinsu, sai da lallashi, amma ɗakin ƙasa na iya faɗuwa cikin dare, mutane na barci.

Batun filastar siminti a kan katangar ƙasa, ban goyi baya ba. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai filastar ta tsage ta saki, ruwa ya shiga bayanta ya kasa fita, katanga ta yi ta jiƙa a ɓoye kana ganin fuskarta sumul. Ƙwanƙwasa irin wannan katanga ka ji, ƙara take yi kamar ganga. Katangar ƙasa kai da gindi take so a tsare mata. A yaɓe kanta da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa ta kwana biyu tana ruɓa. Maginan da har makuba suke sawa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Gindin kuma, tsuguna ka duba: za ka ga inda ruwa ya ƙwaƙule shi, ya fi sama siranta. A cike wurin, a yi masa ɗan dakali na dutse ko bulo mai gangarowa waje, ciki da bai. A nan ne simintinka zai yi amfani.

Yanzu ruwan tsakar gida. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, ya tara lita 5,000, wato duro 25, ban da wanda ya sauka kai tsaye a tsakar gida. Duk wannan ake so ya fita ta rariyar da hannu ɗaya ke toshewa. Faɗaɗa ta, ka sa mata ragar rodi don leda da ɓera. Sannan ka kwarara bokiti biyu-uku a wurare daban-daban ka bi ruwan da ido. Inda ya tsaya a zuba burji a daɓe, a ba shi gangare wajen santimita 2 a kowace mita zuwa rariya.

Sai dai a Mabera rariyarka ba ta isa ita kaɗai, kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a unguwar. In kwatar waje ta toshe, ruwan titi ne zai biyo rariyar ya shigo maka. Ku ga mai unguwa a yi gayya a yashe kwatar tun daga inda take zubewa, a kwashe abin da aka fitar a kai juji, don in aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. A kuma ja kunnen yara da masu juye shara cikin ruwa da zarar an fara sheƙawa. Sharar a ƙofar maƙwabci take tsayawa. In titi ya fi gidanka tudu, ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya, ka tanadi buhunan yashi. Masai ma a ɗaga bakinsa a yi masa murfi, a duba daɓensa ko ya tsage. In akwai rijiya, a ɗaga nata bakin. Ƙa'ida tsakaninta da masai mita 30 ne, abin da gidajen cikin gari ba su cika samu ba.

Dogon yaron kada ka sare shi, ka san abin da inuwarsa ke yi muku a zafin Afrilu. A rage rassan da suka hau kan rufi da busassu, a sassabe cikinsa iska ta riƙa wucewa. Reshen da ya kusanci wayar lantarki aikin ma'aikatan wuta ne. Takardun gida da na makarantar yara a ƙulle cikin leda a sa sama, buhunan hatsi a ɗora kan katako.

Ka riƙa sauraron hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo, da gargaɗin ambaliya na hukumar NIHSA. Taka matsalar ta ruwan sama ce, amma in kana da dangi a bakin Gulbin Rima, wajen Goronyo, Wurno, Kware ko Wamakko, gaya masu gulbi na iya cika ko ba a yi ruwa a garinsu ba, musamman in an saki ruwan madatsar Goronyo. A Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Ranar da gabas ta yi baƙi, a tattara kwanuka da kujeru da duk fallen kwanon da ke yashe, a rufe ƙofofi da tagogi, a zare kayan wuta. Kada kowa ya fake a gindin itace ko jikin katanga, dabbobi ma a kwance su daga wurin.

In an yi ɓarna, bayan ka tabbatar kowa lafiya, wutar lantarki ce farko. Duk wayar da ta faɗo ɗauke ta tana da wuta, ko da an ɗauke a unguwa, haka kwanon da ta taɓa da ruwan da ta faɗa ciki. A ja baya kamar mita 10, a tsare yara, a kira ma'aikata. In ruwa ya shiga ɗaki, kashe babban makunni muddin inda za ka tsaya a bushe yake, kada a kunna sai mai gyaran wuta ya duba. Janareta a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Daga nan zagaya bangaye. Katangar ƙasa sau da yawa bayan ruwa ya ɗauke take faɗuwa, lokacin da hankali ya kwanta. Sabuwar tsaga, ko kumburi, ko karkata, a tokare ta da itace a hana kowa zama kusa. Kafin ka taɓa komai ɗauki hotuna da waya, ka sanar da mai unguwa, don da su ake kai rahoto ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. Wajen kwasar tarkace sa takalmi mai kauri da safar hannu. Yagaggen kwano reza ne. Wanda ya yanke, ko ya taka ƙusa, a wanke da sabulu a je asibiti a yi masa allurar tetanus. A juya tarin itace da buraguzai da sanda tukuna, macizai da kunamu nan suke fakewa in ruwa ya kore su daga rami. In an yi sara, ban da tsagawa da ɗaurewa tamau, a garzaya asibiti.

Rijiyar da ruwan titi ya shiga ba a shan ta sai an kwashe an sa mata sinadarin kulorin bisa umarnin ma'aikatan lafiya. Kafin nan a tafasa ruwan sha. Wanda ya fara amai da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ana hanyar asibiti. Sauro kuma kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo, don haka duk mako a kifar da gwangwani da taya da fasasshen tulu, a cike kududdufi. A kwana cikin gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata suka zo, a ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a kuma cika kwana ukun da aka ce.

Katifa da tabarmi a baza su a rana, hatsin da ya jiƙe a shanya shi nan take, wanda ya yi funfuna a zubar. In wani sashe na katanga ya zube, kada ka yi gaggawar tayar da shi cikin ruwa, ɗanyen gini ba zai bushe ba kuma zai sake zubewa. Kafa zana ko tsohon kwano ka suturta gida, a tara ƙasar gefe guda a rufe ta da leda, sai Oktoba in ruwa ya ɗauke a kira magini.