Amsa ga mai tambaya kan Distant Horizons: laftof ɗinka lafiyarta ƙalau

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka kamar ni na rubuta ta. Ka ce laftof ɗinka mai ram giga 8 ce, ka saka mods biyu (ƙarin manhajojin da ake haɗa wa wasan Minecraft), Sodium da Distant Horizons, a kan Fabric mai loda su, don ka riƙa hango nesa, ka ja nisan gani na wasan har canki 32 (canki yankin ƙasa ne mai bulo 16 sau 16), sai Minecraft ya koma tafiya yana tsayawa, fanka na ta ihu, ƙasar nesa kuma duk ramuka da faci-faci, har kana tunanin kai ta wajen gyara ko ka sayar ka huta. Don Allah dakata. Kada ka kai ta ko'ina tukuna. Laftof ɗin ba ta da ciwo, kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta.

Kafin komai, je ka sauke wannan 32 ɗin, ka mayar da shi 8, in ka matsa 10. Na san za ka ce ai nesa kake son gani, me ya sa za ka rage. To nisan gani iri biyu ne yanzu a wasanka. Akwai na Minecraft ɗin kansa, wanda ke loda kowane bulo da kowane kogo da ganyen kowace bishiya, akwai kuma na Distant Horizons da ke cikin saitinsa daban. In ka lissafa a murabba'i, canki 32 ta kowane ɓangare, haɗe da wanda kake tsaye a kai, ya zama 65 sau 65, wato canki 4,225. Canki 8 kuwa 17 sau 17 ne, 289 kacal. Duba tazarar da ke tsakani. Kuma tun da aka fitar da sigar Minecraft 1.18 a ƙarshen 2021 tsayin duniya ya tashi daga bulo 256 zuwa 384, kowane canki ya ƙara nauyi ke nan. Duk wannan wahalar a kan bulo 512 kawai, don iyakar abin da 32 zai nuna maka ke nan. Sodium ba ya ƙara maka nisa ko na bulo ɗaya, aikinsa ya sauƙaƙa zana abin da ke kusa da kai. Wanda ke kawo nesa shi ne Distant Horizons, kuma dabararsa ita ce ya zana ƙasar can da sauƙaƙƙen fasali, yana dunƙule buloli da yawa su zama ɗaya gwargwadon nisansu. Kamar dai ka hango gari daga kan hanya: kana ganin hasumiya da rufin gidaje, ba ka ganin tagogi, kuma ba ka damu ba. Distant Horizons ɗin za ka ba nisan. Fara da 64, in ka ga ta ɗauka ka kai 128, wanda ya haura bulo 2,000.

Dalilin da ya sa na ce kada ka kai ta gyara, bari in gaya maka abin da aka yi mini, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Lokacin da tawa ta fara irin wannan, na kai ta wajen wani mai gyaran kwamfuta da wani abokina ya yi ta yabo. Na buɗe masa wasan, na nuna masa yadda take tsayawa, na ce ina zargin ƙura ce a fanka, ya duba mini. Ko kallon allon bai yi da kyau ba, ya ɗan taɓa gindinta ya ce, “Wannan ai bairos ne, ku masu gem ɗin nan ba ku ji.” Na ce masa a bakinsa, akwai folda a ciki da ba na so a taɓa, na ma rubuta masa sunanta a bayan rasit. Ya ce ba matsala, in dawo da yamma. Da na dawo sai ya miƙo mini ita yana murmushi, wai ya yi mata fomat ya sa sabuwar Windows, yanzu ta zama kamar sabuwa. Na buɗe a gabansa, hannuna na rawa. Babu komai. Ya kwashe mini hotuna da takardun makaranta a filas, amma foldar .minecraft da ke ɓoye a cikin AppData ko sanin da ita bai yi ba. Duniyar da na daɗe ina ginawa, ganuwar da na kewaye ƙauye da ita bulo bayan bulo, layin dogon da na ja a Nether (duniyar wuta ta cikin wasan), gonar ƙarfen da na sha wuya kafin ta fara aiki, karena da na sa wa suna, duk sun tafi. Dama ganuwar nan ce ta sa na nemi mod ɗin tun farko, ina so in hau saman dutse in gan ta gaba ɗayanta lokaci guda, abin da ban taɓa samu ba ke nan. Da na yi magana, ka san me ya ce? “Haba, a kan wasan yara kake wannan fushin?” Yaran shagonsa suna ta dariya. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif, ko sisi bai rage ba. Abin takaicin, da na koma gida na sake saka wasan da saitin nan, matsalar na nan daram, fankar ma bai buɗe ba, ƙurar na nan yadda na kai ta. Na daina wasan na wani lokaci, ko bidiyonsa ba na son gani. Ban yafe wannan murmushin ba.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka taɓa wani saiti, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta %appdata%, ka shiga .minecraft, ka kwafi foldar saves gaba ɗaya ka zuba a filas. In kana da data ka ɗora a Google Drive ma.

Ramukan da kake gani a nesa kuwa ba lalacewa ba ne. Mod ɗin bai gama aiki ba ne. Duk inda ba ka taɓa takawa ba, sai ya ƙirƙiri ƙasar wurin da kansa kafin ya zana ta, kuma firosesa ce ke wannan aikin, shi ya sa fanka ke ihu. A saitinsa akwai wurin zaɓar yawan nauyin da zai ɗora wa firosesa, mataki-mataki, na ƙarshen ma sunan barkwanci suka sa masa, wai na biya kuɗin firosesar gaba ɗaya. Kada ka je kusa da wannan. Yadda nake yi shi ne, in akwai wuta sai in jona caja, in sa shi a matsakaici, in hau wuri mai tsayi inda dodanni ba za su same ni ba, in bar shi a tsaye in tafi harkata. In na dawo sai in ga duwatsu sun fito har bakin teku. Daga nan in mayar da shi mataki na ƙasa in ci gaba da wasa. In ka ga ya zana iya abin da kake so, kana iya kashe ƙirƙirar ƙasar nesa gaba ɗaya, abin da ya zana ba zai ɓace ba, yana ajiye a wani fayil mai suna DistantHorizons.sqlite a cikin foldar duniyarka. Fayil ɗin nan yana kumbura sosai, ka riƙa duba sararin da ya rage maka. Wasu za su ce ka sa Chunky ya riga ya ƙirƙiri ƙasar. Yana aiki, amma kada ka bar su biyun suna yi lokaci ɗaya, nan ma ramuka za ka samu.

Sai maganar ram, inda 'yan ba da shawara ke kashe mutane. Lancar Minecraft, manhajar da ke buɗe wasan, ta daɗe tana ba shi giga 2 in ba ka canza ba, kuma wannan ya yi kaɗan ga Distant Horizons. A saitin sigar da kake bugawa in ka ga an rubuta -Xmx2G, mayar da shi -Xmx4G ka tsaya nan. Akwai wani a wani zaure da ya dage wai mai giga 8 ya ba wasan 7, har yana yi wa mutane gori. To Windows ta ci me? Ita da burauza da katin girafik na cikin firosesa duk daga wannan giga 8 ɗin suke ɗiba. Ka danna F3 ka kalli sama ta dama, za ka ga kason ram yana hawa yana faɗuwa. In kullum yana manne a sama, kuma duk lokacin da ya faɗo wasan ya ɗan tsaya, to ram ne ya yi kaɗan. Ka rufe Chrome kafin ka fara, wannan kaɗai yana sauƙaƙa abubuwa.

Tunda ka danna F3 ɗin, duba sunan katin girafik da ya rubuta a wannan ɓangaren. Laftof da yawa kati biyu gare su, na Intel da na Nvidia, kuma sau da yawa Java, manhajar da wasan ke gudana a kanta, kan hau na Intel ya bar babban yana barci. In naka haka ne, shiga saitin girafik na Windows ka nemo javaw.exe ka ɗora shi a kan mai ƙarfin. In kuma na Intel ɗin ne kaɗai gare ka, babu laifi, zai yi, amma ka sa ingancin zanen nesa a ƙasa ko matsakaici, ka manta da shedas, wato masu ƙawata haske da inuwa a wasan. Na san hotunan da ke yawo su ne suka ja mu duka, rana na faɗuwa a bayan duwatsu, hazo kwance a kwari. Waɗancan injina ne da kuɗin katinsu kaɗai ya sayi laftof ɗina da taka. In ka dage sai ka gwada, Iris, mod ɗin da ke kunna shedas, sai daga sigarsa ta 1.7 ya fara jituwa da Distant Horizons, kuma ba kowane shedas ne ya san da shi ba. Complementary da BSL da Bliss suna yi. Wanda bai sani ba sai ka ga ƙasar nesa ta ɓace ko ta yi wani irin launi.

Af, ba ka faɗa ba, ina fatan babu OptiFine a foldar mods ɗinka. Shi da Sodium ba sa zama wuri ɗaya, cire shi. Kuma kowane mod ka tabbata na sigar wasanka ne daidai, daga Modrinth ko CurseForge, ba waɗannan shafukan masu maɓallin saukewa goma ba. In Sodium ɗinka tsoho ne, ƙasa da 0.6, sai ka haɗa da Indium, in sabo ne ba ka buƙata. Ƙara Lithium, ba ya cin komai kuma yana rage wa firosesa aiki. Nisan motsin duniya (simulation distance, iyakar inda dabbobi ke motsi, shuka ke girma), wanda aka raba shi da nisan gani a 1.18, sa shi 5 ko 6.

Wani abu da ya ba ni haushi da farko, gara ka sani tun yanzu: abin da kake hangowa hoto ne kawai. Ba za ka ga shanu ko mutanen ƙauye a can ba, alkamarka ba za ta girma don kana kallonta daga nesa ba, gonar ƙarfe ba za ta zubo komai ba. Sai ka matso cikin cankin gaske. In kana shawagi da fukafukan Elytra da gudu kuma za ka riƙa ganin inda zanen nesa ke rikiɗa ya zama na kusa, da sannu ido ke sabawa.

In a saba (server) kake bugawa da abokai ta intanet, labarin ya ɗan bambanta. Yawancin saba canki 10 suke turo maka, ko ka sa 32 a naka ba za ka ga fiye da abin da suka turo ba. Mod ɗin zai riƙa adana wuraren da ka taka ne kawai, sai ka yi yawo kafin nesa ta cika, sai fa in mai sabar ya saka shi a can ɓangarensa, wanda sababbin sigogi suka ba da dama. Wani mod mai suna Bobby ma yana irin wannan adanawar, amma cankin gaske yake riƙewa, ya fi nauyi. Masu tambaya ta akwatin sirri ko zai yi a waya, Minecraft na Play Store nau'in Bedrock ne, waɗannan mods ɗin na nau'in Java ne na kwamfuta, ba za su hau ba.

Kuma don Allah ɗaga laftof ɗin daga kan katifa. Da zafin nan namu na Maris da Afrilu, firosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai ka ga wasan ya fara lafiya, can an jima ya koma rarrafe, ka ɗauka mod ne. Sa mata wani abu a ƙasa ta baya iska ta riƙa shiga, kuma kada ka buga a batir. In ƙura ce ta toshe fankar, ka tsaya a kan mai gyaran ya buɗe a gabanka ya hure, kada ka matsa ko nan da can, kada ka bar masa ita ya ce ka dawo da yamma.

Ka gwada 8 a wasan, 64 a mod ɗin, ram giga 4, ka bar shi ya zana. In har yanzu tana tsayawa, ɗauko hoton allon F3 da na foldar mods ɗinka ka turo nan mu gani, ka kuma faɗi sigar Minecraft ɗin da kake kai.