TAMBAYA DA AMSA: Yarona na so mu zagaya bakin tekun Sikotland da motar kwana a tsakiyar sanyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon direba ne, shekara 31 ina jan tirela daga Tema zuwa Paga har Wagadugu kafin ciwon gwiwa ya sa na ajiye. Yarona da ke aiki a Gilasgo ya nema min biza, zan je wajensu a Disamba, to wai ya tsara mu ɗauki hayar irin motar nan mai gado da kicin a ciki mu zagaya bakin teku ta arewacin ƙasar, kwana 5, ni da shi da matarsa. Uwarsa ta ce atafau ba zan je in daskare a daji ba. Ni kuma na ce wanda ya sauko gangaren Mampong da lodin siminti me zai ba shi tsoro. Malam ka raba mana gardama, kuma fa ni nake so in riƙe sitiyari. (Alhaji, daga Aboabo, Kumasi)

AMSA: Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya ya sawwaƙe gwiwa. Zan raba ku amma ka yi haƙuri, rabon ba zai yi maka daɗi duka ba, don Hajiya tana da rabin gaskiya.

Hanyar da yaronka ke nufi ita ce ake kira North Coast 500, an fara tallata ta da wannan sunan a 2015, tana tashi daga garin Inverness ta zagaya arewa ta dawo Inverness, mil 516, wato wajen kilomita 830. A lissafinku na direbobi wannan kusan Accra zuwa Bolga ne, na san har ka yi dariya ka ce ai tafiyar kwana ɗaya ce. To a nan gizo ke saƙar. A Kumasi rana ta saba mana, 6 ta fito 6 ta faɗi, shekara da shekaru. A Inverness kuwa ƙarshen Disamba sai wajen ƙarfe 9 na safe take leƙowa, 3 da rabi na yamma ta tafi abinta, awa 6 da rabi ke nan, in kuma hadari ya rufe to ko waɗannan ɗin ba za ka same su cikakku ba. Ka cire lokacin karin kumallo, ka cire tsayawa salla da shan mai, me ya rage? Kwana 5 a hanyar nan cikin Disamba yana nufin rabin tafiyar cikin duhu za ku yi ta, kuma mutum bai biya kuɗin jirgi daga Accra don ya je ya kalli hasken fitilar mota ba.

Sannan hanyar yamma, wadda ita ce mai kyan gani, wurare da yawa layi ɗaya ce tak, faɗin mota ɗaya, sai ɗan wurin raɓewa da aka yi jefi-jefi inda ɗaya zai tsaya ɗaya ya wuce. Ba a ajiye mota a wurin don ɗaukar hoto, mutanen ƙauyukan suna jin haushin wannan sosai. Tumaki na kwance a titi kamar na Zongo, barewa manya-manya kuma suna saukowa daga duwatsu lokacin sanyi, daidai magariba suke tsallakawa.

Maganar gangaren Mampong kuma, wallahi na girmama ta Baba, amma a Mampong taya tana cizon kwalta. Can akwai wata ƙanƙara siririya da ke shimfiɗa a kan titi cikin dare, ba a ganin ta, titi ya yi kamar an ɗan yayyafa ruwa, ka taka birki mota ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita kake ba. Duk wayon da shekara 31 ta koya wa ƙafarka, a kan wannan abin sabon shiga ne kai. Akwai hawan da ake kira Bealach na Bà a hanyar Applecross, yana kaiwa mita 626 da kwanoni masu lanƙwasa kamar ƙugiya, tun daga ƙasa an kafa allo ana gargaɗin manyan motoci da masu koyon tuƙi, kuma dusar ƙanƙara kan toshe shi lokacin sanyi. Wannan ku cire shi daga lissafi kawai. Ƙari a kan haka su hagu suke bi, mu kuwa tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma dama, sitiyari zai zo maka a ɗaya gefen, giya a hannun hagu. Doka dai ta yarda baƙo ya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har wata 12, amma kamfanonin haya suna da nasu sharuɗɗan na shekaru da inshora, in ba a rubuta sunanka a takardar haya ba kar ka taɓa makullin. Ni a ganina yaro ya ja, kai ka zauna gaba ka zama idonsa, ai ka san ƙwararren yaron mota ya kan ceci direba.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, wanda shi ya fi tsaya min a rai. Baba ka taɓa shiga irin motar nan kuwa? Ɗaki ɗaya ce fa. Ƙananan ko ban ɗaki babu, manyan kuma ban ɗakin nasu ɗan akwati ne da ƙofa siririya, duk motsin da ka yi ana ji. Kai da surukarka, kwana 5, dare mai awa 17, ba tsakar gida ba zaure, ba inda mutum zai kauce ya canza kaya, waje kuma iskar teku na kaɗa mota kamar za ta kifar da ita. Yaran nan sun zauna Turai sun ɗan manta, amma na tabbata ita yarinyar tana can tana tunanin abin kunya ta hana ta faɗa. Ka ce wa yaronka ko dai duk inda kuka yada zango a kama maka ɗaki a ƙaramin masauki su su kwana a mota, ko kuma tafiyar ta zama ta uba da ɗa. Da gwiwar nan taka ma hawa gadon sama na motar ba naka ba ne.

Wurin kwana shi ma sai an shirya. Filayen zango da yawa suna rufewa daga kaka sai bazara ta dawo, don haka a kira a tabbatar kafin a tashi. Za ka ji ana cewa a Sikotland mutum na da 'yancin kwana a daji, gaskiya ne akwai dokar 2003 da ta ba da wannan, amma ta mai tafiya a ƙafa da tanti ce, ba ta haɗa da mota ba. Tankin ban ɗaki ma ba a juye shi a gefen hanya, akwai wuraren da aka tanada.

Ni na taɓa kwana a irin motar nan a watan Janairu kusa da Ullapool, kuma abin da ya kunyata ni shayi ne. Na tashi da asuba in dafa ruwa murhu ya ƙi kamawa, ashe tukunyar gas ɗin da mai hayar ya ba mu butane ce, shi kuwa da zarar sanyi ya kai sifiri ba ya tashi, propane ne ke jure sanyi. A can yawanci ta butane shuɗiya ce ta propane ja, ku duba kafin ku bar garejin. Ruwan famfon motar shi ma ya daskare a bututu, da ragowar ruwan filas na yi alwala ina karkarwa. Ku tabbatar motar na da hita mai aiki da dizil ko gas, da na'urar da ke ƙara in iska mai guba ta taru, kuma kar wanda ya kunna murhun girki don jin ɗumi ya kwanta, daidai yake da shigar da kurfoti ɗaki a rufe taga, mun san yadda wannan ke ƙarewa ko a nan gida lokacin hunturu.

Salla kuma za ka sha mamaki, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa 3 da 'yan mintoci suke zuwa, kana naɗe darduma wata ta kawo kai. Kafin ka tashi ka zauna da malaminku a yi maka bayanin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi. Akwai masallaci a Inverness, ku daidaita Juma'a da nan. Guzuri ka ɗauki garinka da yajinka, amma kilishi da duk wani nama ko madara daga Ghana an hana shiga da su Birtaniya, kar Hajiya ta cusa maka a jaka. Kifi dai ba za ku rasa ba, Ullapool garin masunta ne.

To in je ko kar in je? Ka je Baba. Wurin ya cancanci gani, duwatsu baƙaƙe da farin rawani na dusar ƙanƙara suna gangarowa har cikin teku, rairayi fari fes a Achmelvich ba kowa sai ku, ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar mutane lokacin zafi duk sun mutu, in kun yi sa'a sama ta washe da dare har koren hasken nan da kan bayyana a sararin sama a ƙasashen arewacin duniya kuna iya gani, ko da yake ban yi maka alkawari ba, ni ban gan shi ba. Amma ku yanke hanyar. Daga Inverness ku bi babban titin A835 zuwa Ullapool, wajen kilomita 90, ku yi sansani a nan, kullum ku fita da hantsi zuwa Lochinver ko gadar Kylesku ku dawo kafin duhu. Kowace safiya yaro ya duba gargaɗin Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, in sun sa launin ruwan lemo ko ja to ranar ta hira ce da shayi. Tanki kar ya sauka ƙasa da rabi don gidajen mai suna da nisa da juna kuma wasu da wuri suke rufewa.

Hajiya kuma a gaya mata tun yanzu akwai wuraren da waya ba ta kamawa sam, in ta kira ta ji shiru kar ta tara mutanen Aboabo. Ku ajiye lokaci ɗaya, misali bayan Isha'i, a Disamba agogonmu da nasu ɗaya ne.