Injin juya katako na farko, wanne za ka saya?

Malam, ka ce ƙafafun tebur da kujera kake son fara feƙewa a shagonka can wajen Ringim, kana tambayar wane inji ya dace. To abu na farko dai ka auna tsawo, ƙafar tebur na cin abinci tana kai wa inci 28 ko 29, saboda haka in tsakanin kan injin (ɓangaren da ke juya katakon) da wutsiyarsa (wadda ke tokare ɗaya ƙarshen katakon) bai kai inci 36 ba kar ma ka tsaya ciniki, ƙananan nan na kan benci sai dai ƙafar kujera ƴar tsuguno da mariƙin durowa.

Sai nauyi. Ɗauki mai gangar jiki ta zubin ƙarfe, mara nauyi da ka ɗaura masa gungumen maɗaci zai fara rawa yana bin ka a shago, aikin ya fito duk gargada. Motar lantarkin da ke juya injin, mai ƙarfin doki 1 ta ishe ka, amma ka tuna mu nan wuta sai an ga dama, kuma motar tana jan wuta sosai lokacin tashi, ƙaramin janareto nan take zai shaƙe.

Ni na hannu na saya a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kafin in biya sai da na turo wutsiyar na ga tsininta ya haɗu da na kan daidai, na girgiza sandar da ke juyawa a kan injin na ji ko boris ya ci. A tabbata ana iya rage gudu ta sauya wa bel mazauni, don katako mai kusurwa huɗu a hankali ake fara shi.

Ka ware kuɗin kurfunan feƙe katako da dutsen wasawa da gilashin ido. Kuma don Allah ban da babbar riga a gaban injin nan, hannun riga yake fara kamawa.