Ƙwallo 104 Kacal? Amsar Tambaya Kan Drogba

(Muryar da wani ɗan guruf ya turo ce, aka rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. To ƙanena, na ga tambayarka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka je ka duba, ka tarar ƙwallo 104 kacal Didier Drogba ya ci a Firimiya, alhali Henry na da 175, Shearer na da 260, don haka kai ba ka ga dalilin da ya sa mu manya muke ta zuzuta shi ba. Na ga wasu sun yi maka ca. Ku bar yaro, tambaya ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Bari ma in ƙara maka makami. Kaka tara ya buga wa Chelsea, kuma sau biyu rak ya haura ƙwallo 12 a lig: 20 a kakar 2006/07, sai 29 a 2009/10. Akwai shekarar da 5 ya ci, akwai ta 8. Salah ma ya wuce shi tun 2021. Idan da takarda da biro za a yi alƙalanci, ka ci shari'a.

Sannan ka sani ni ɗan Arsenal ne. Ƙwallo 13 mutumin nan ya zura mana yana Chelsea. Har yau idan na tuna yadda yake wujijjiga Senderos, mai tsaron bayanmu na lokacin, sai in ji ba daɗi. Saboda haka ba son kai zan yi ba, wanda ya sha duka ne ke ba ka labarin sanda.

Abu na farko, duba lokacin da ya fara. An haife shi a Abidjan ta ƙasar Ivory Coast a 1978. Yana shekara 5 aka tura shi Faransa wurin kawunsa Michel Goba, wanda shi ma ɗan ƙwallo ne a ƙananan ƙungiyoyi, yau yana wannan gari gobe yana wancan. Drogba bai shiga irin manyan makarantun ƙwallon nan da ake renon yara ba. Da tsaron baya ma ya fara wasa, kawun ne ya ce ya koma gaba. Ya yi wasa a Levallois, ƙungiyar da ba ta ƙwararru ba, daga nan ya tafi Le Mans a rukuni na biyu, yana haɗawa da karatun akanta, ga rauni yau da gobe. Sai da ya kai shekara 21 ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Shekara 21 fa! Mbappe yana da 19 ya ɗaga kofin duniya.

Ga wani misali da zai fi zauna maka. Michael Owen, Drogba ya girme shi da kusan shekara biyu. A ƙarshen 2001 aka ba Owen Ballon d'Or. A daidai lokacin Drogba na Le Mans, a rukuni na biyu, ko a Faransar ba kowa ya san da shi ba. Owen ya ci 150 a Firimiya, ka ga ya fi 104 nesa. Amma gudu ne jarinsa, da tsokar cinya da gwiwa suka fara ba shi matsala sai wasan ya yi ta ja da baya, ya ƙare a benci, ya ajiye takalmi a 2013. Shi kuwa wancan da ya makara, yana da shekara 34 ya ci kofin zakarun Turai. Rayuwar lamba tara kenan, wani da asuba kasuwarsa ke ci, wani sai la'asar.

To, a Janairun 2002 Guingamp ta saye shi da kuɗin da bai kai fam dubu 100 ba. Can ya haɗu da Malouda, ya ci 17 a lig a kaka ta gaba, ƙaramar ƙungiya ta ƙare ta bakwai. Marseille ta ɗauke shi, shekara ɗaya tak ya yi, ya ci 19 a lig, ya kai su wasan ƙarshe na kofin UEFA, Valencia ta doke su. A shekarar ne Mourinho, yana Porto, ya gan shi ido da ido. Da ya koma Chelsea a 2004 sai ya ce a kawo masa shi, fam miliyan 24. Yana da shekara 26 ya taka Ingila. Henry yana dab da cika 22 ya zo, Shearer kuwa tun yana yaro yake cin ƙwallo a can. Ka fara cire wannan daga lissafin.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne, wane aiki aka ba shi? Lokacin yawancin ƙungiyoyin Ingila mutum biyu suke sawa a gaba. Mourinho ya zo ya sa mutum ɗaya, da 'yan gefe biyu, su Robben da Duff. Wannan mutum ɗayan shi zai yi kokawa da masu tsaron baya biyu minti casa'in. Mai tsaron gida Cech zai doko doguwa, shi Drogba ya ba raga baya, ƙato na manne da shi yana zungurin sa da gwiwa, ya tare da ƙirji, ya riƙe daƙiƙa biyu uku har 'yan tsakiya su hauro, sannan ya ajiye musu. Wa ke cin moriyar? Lampard. Ka taɓa tambayar kanka yadda ɗan tsakiya ya tara ƙwallo 211, ya fi kowa a tarihin Chelsea? Gwani ne, ban musa ba, amma filin da yake shigowa ya buga, wani ne ya share masa shi da kafaɗa. Wannan wahalar ba ta hawa allo.

Ka nemi ƙwallon da ya ci Liverpool a Satumban 2006 ka kalla. Lampard ya ɗago ta, Drogba na bakin da'ira, ya juya wa raga baya, Carragher na jikinsa kamar an liƙa. Ya sauke ta da ƙirji, ya juya, ya narka ta da hagu. Da hagu fa, shi da yake badame. Reina ko motsi bai yi ba, tsayawa ya yi yana kallo. Ɗaya da nema aka tashi. A takarda ƙwallo ɗaya ce, daidai take da wadda aka tura a raga ana cin biyar.

Kuma kar ka ɗauka da ya zo aka yi ta tafa masa. Shekara biyun farko ya sha suka, ana cewa an yi asarar kuɗi, ga yawan faɗuwa. Ƙato kamar bishiyar kuka, a ɗan taɓa shi sai ka gan shi yana birgima. Wannan halin ni ma ban taɓa son sa ba, har magoya bayansu sun taɓa yi masa ihu a gidansu. A 2006 aka kawo Shevchenko da kusan fam miliyan 30, kowa ya ce shi kenan, benci ya kira Drogba. Shekarar ce ya ci 33 a duk gasanni ya ɗauki takalmin zinare. Aka kawo Anelka, aka kawo Torres da miliyan 50, duk ranar babban wasa shi dai ake nema.

Yawwa, mun zo wurin. Wasannin ƙarshe. Bari in ƙirga maka da yatsa. Kofin Lig na 2005 da Liverpool, ya ci. Na 2007 da mu, biyu ya ci, aka tashi 2-1. Na 2008 da Tottenham ya ci da bugun tazara, ko da yake sun yi rashin nasara. Kofin FA kuwa, 2007 da Manchester United a sabon Wembley, shi ya ci a ƙarin lokaci. 2009 da Everton, 2010 da Portsmouth, 2012 da Liverpool, duk sai da ya ci. Wasan ƙarshe na FA huɗu daban-daban. Ka haɗa da na kofin zakarun Turai a Munich, ƙwallo tara kenan.

Munich ɗin nan, 19 ga Mayun 2012, a filin Bayern, gaban mutanensu. Babu Terry, babu Ivanovic, babu Ramires, duk an dakatar da su. Bayern ta yi ta luguden wuta, kwana kan kwana, har Muller ya ci a minti na 83. Ni har na fara murna, kar in ɓoye maka. Minti na 88 Chelsea ta samu kwana, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe da suka samu a wasan. Juan Mata ya bugo, Drogba ya baro Boateng ya ruga ƙarfen kusa, ya murɗa wuya ya sa mata kai. Neuer ya taɓa ta amma ƙarfinta ya fi hannunsa. Sai kuma a ƙarin lokaci shi da kansa ya taɗe Ribery ya jawo fenareti, Allah ya taimake shi Cech ya tare bugun Robben. Aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, na biyar nasa ne. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya ɗan taku kaɗan, Neuer ya faɗi gefe guda, ita ta shige ɗaya gefen.

Don kar a ce na mayar da shi waliyyi: a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Manchester United a Mosko a 2008 ya mari Vidic, aka ba shi jan kati ana dab da zuwa fenareti, Terry ya je ya zame. A 2009 ya bi alƙalin wasa da masifa bayan Barcelona ta fitar da su, aka dakatar da shi. Sannan ƙasarsa, duk da ƙwallo 65 da ya ci mata, bai ɗaga kofin Afirka ba. A wasan ƙarshe na 2006 da Masar ya ɓarar a bugun fenareti, a na 2012 da Zambiya ya samu fenareti ana cikin wasa ya ɗaga ta sama. Ya bar buga wa ƙasa a 2014, a 2015 suka ci kofin babu shi. Wannan tabon yana nan.

Amma a rigar ƙasar ne kuma ya yi abin da ya fi ƙwallo. A Oktoban 2005 a Sudan, da suka samu gurbin kofin duniya karo na farko, ƙasarsu na rabe biyu saboda yaƙi, ya karɓi makirufo a ɗakin sauya kaya, suka durƙusa shi da 'yan wasan suna roƙon a ajiye makamai. A 2007 kuma ya nemi a kai wasansu da Madagaska garin Bouake, hedikwatar 'yan tawaye, aka kai.

Sauran tafiyar ka san ta: Shanghai, Galatasaray, ya dawo Chelsea ya ƙara cin Firimiya a 2015, ya wuce Montreal, ya ƙare a Phoenix ta Amurka a 2018 yana da shekara 40.

Saboda haka ƙanena, idan ka ce in zaɓi wanda zai buga mini wasa 38, Henry zan ɗauka, ko barci nake ka tashe ni. Idan wasa ɗaya ne, kofi na ajiye a bakin fili, to ba ni Drogba. Wanda kuma ya jefo maganar gwada shi da Eto'o na Kamaru a ƙasan tambayarka, na gan ka, ba gudu nake ba. Wannan muryar ta riga ta yi tsawo, cajina kuma saura kaɗan. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da hujjojinka, don a wancan ɗin ina jin bayanka zan bi. Sai da safe.