Amsar Kawu a zauren dangi kan maganar ɗaukar aiki a ofishinsu na ba 'yan kasuwa shawara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar gida, barkanmu da dare. Murya zan yi, don in na ce rubutawa zan yi sai gari ya waye ban gama ba.

Na ga saƙon ɗana, ɗan Yaya, tun da rana, inda yake cewa Kawu yaushe kamfaninku zai buɗe ɗaukar ma'aikata, kuma waɗanne takardu ake buƙata. Sai kuma na ga Yaya ta biyo baya da "Allah ya sa a dace". To na gane. Abin da ake tambayata a gaskiya shi ne, ga yaro ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida, ga kawunsa da ofis, me ya hana? Ita zan amsa, kuma a nan zan amsa, don sauran yaran da ke cikin zauren nan su ji, kar kowa ya biyo ni ɗaya bayan ɗaya.

Mu ba ma buɗe ɗaukar aiki. Babu wani wata a shekara da muke cewa yau an buɗe. Wannan tsarin manyan kamfanonin akanta da ba da shawara ne, su KPMG da PwC da Deloitte da EY, waɗanda ke Legas da Abuja. Su ne ke ɗibar sababbin masu digiri, a yi jarrabawa ta intanet, a tace, a kira intabiyu, galibi suna neman 2:1, wato digiri mai bin daraja ta ɗaya, kuma suna sa iyakar shekaru. Duk wanda ya cika sharaɗi a cikinku ya nema, wallahi ina goyon baya, horon da zai samu can ba zai same shi a wurina ba. Mu ƙaramin kamfanin ba da shawara ne, ma'aikatanmu na dindindin sahu ɗaya muke yi in za mu yi sallah a ofis. Kamar ɗan kwangilar gini muke, sai ya samu ginin sannan ya kira birkila da kafinta da lebura. Aiki ya zo na wata uku ko na wata shida, sai mu kira mutane. Wa muke kira? Wanda muka taɓa ganin aikinsa.

Na san wani zai ce ka ji, ashe dai sai da hanya. Kira shi yadda ka ga dama. Ni dai ba ni da abin sayarwa sai sunana. Ba ni da injin, ba ni da sito, rahoto nake miƙa wa mutum ya biya ni. In rahoton ya fita da ƙarya a ciki, na gama a garin nan, don Kano ba ta da girma in ana maganar masu ba da irin wannan aikin, duk sun san juna.

Kuma ku san mene ne aikin tukuna, don wasunku sun ɗauka kwat ake sakawa a tsaya gaban majigi ana Turanci. Akwai wannan, amma kaɗan ne. Yawancin aikin shi ne, ga Alhaji a Kantin Kwari, shaguna ga su nan, kuɗi na shiga kullum, amma ƙarshen shekara bai san ko ya ci riba ba, don kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara da kuɗin kaya duk aljihu ɗaya ne. Ko masana'anta a Sharaɗa ko Challawa, kayan da aka shigar sito da waɗanda aka fitar ba sa haɗuwa a lissafi. Ko makarantar kuɗi tana son tsarin albashi don malamai sun ƙi zama. Ko kuma wanda ya fi kowanne ɗaci, mahaifi ya rasu, 'ya'ya suna son kasuwancin ya ci gaba, amma komai a kansa yake, ba abin da ya rubuta, har bashin da yake bin mutane. Ka ga wannan, yaron da zan tura sai ya iya shiga shago ya yi sallama, ya gaishe da mutane yadda ya kamata, ya zauna ya jira Alhaji ya sallami kwastoma, wataƙila sai bayan la'asar zai kula shi. Sai ya iya zama da yaran shago, waɗanda suke ganin an kawo shi ne ya tona musu asiri, har su saki jiki su nuna masa littafin gaskiya. Sannan ya dawo ofis ya zuba komai a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya rubuta min shafi ɗaya da za a gane.

Shafi ɗaya fa na ce. A nan ake faɗuwa. In na kira yaro gwaji, ba na tambayarsa ina yake ganin kansa nan da shekara biyar. Hoton littafin ciniki nake ba shi, an goge suna, in ce ga kwamfuta, gaya min wane kaya ne ke kawo riba, wanne ne ke cin jari. In ya gama in ce to yanzu ni ne Alhajin, ban yi boko ba, yi min bayani da Hausa. Wallahi za ka ga mai sakamako mai kyau ya tsaya yana inda-inda, Turancin bai fita ba, Hausar ma ta gagara. Wasiƙun neman aiki kuwa, tun da ChatGPT ya zo duk sun zama iri ɗaya, na daina karanta su ma. Ba na hana amfani da shi, mu ma muna yi, amma in na tambaye ka me kake nufi da wannan layin ka kasa faɗa, shi ke nan.

Bari in ba ku labarin da ya sa na taurare a kan maganar nan. Yaya ta san shi. Mun samu aikin wata ƙungiya, bincike ne a kan 'yan kasuwa a Singa… a'a, ba Singa ba, Dawanau, kasuwar hatsi, hanyar Katsina. Za a tambayi dillalai da masu sito yadda suke samun jari, da yadda suke ajiya, da asarar da suke yi. Wani babban mutum da nake jin nauyinsa ya kawo min yaro, ya ce ɗansa ne, digiri mai kyau, a taimaka. Na ɗauke shi ba gwaji, saboda wanda ya kawo shi. Aka ba kowa waya da manhajar KoboToolbox a ciki, ita ce ake cike fom da ita. To abin da yaron bai sani ba, ko ya sani ya raina, fom ɗin an saita shi yana ɗaukar wurin da kake tsaye ta GPS, yana ɗaukar lokacin da ka buɗe da lokacin da ka rufe. Da muka zo dubawa, sauran yaran ga su sun watsu a taswirar kasuwa, layi-layi. Nasa duk a ɗigo ɗaya. Wuri ɗaya! Tambayoyin da ba za ka gama su ƙasa da rabin awa ba, shi cikin 'yan mintuna ya rufe ya buɗe wani. Ashe teburin mai shayi ya samu a bakin titi ya zauna yana ƙirƙirar mutane. Ko ƙaryar ma bai iya ba, buhun riɗi ya sa masa kuɗi ƙasa da na masara. Riɗi fa! Wanda ake lodawa a kai tashar jirgin ruwa a fitar waje.

Muka zubar da nasa gaba ɗaya, muka sake tura mutane da kuɗinmu, kuɗin mota, kuɗin abinci, komai, kuma muka makara wajen miƙa rahoto. Wannan duk da sauƙi. Abin da har yau yake min ciwo, da na kira mutumin na gaya masa, cewa ya yi, haba, yaro ne, ai kowa haka yake yi, waye zai karanta? Waye zai karanta! Da wannan rahoton za a yanke shawarar wa za a ba rance, wa za a hana. Mutanen da suka bar cinikinsu suka ba mu lokaci, a ce an cuɗa maganarsu da ta ƙarya? Daga baya kuma na ji ana yawo da ni wai na wulaƙanta ɗan mutane, na hana shi haƙƙinsa. Na biya shi kuɗin motarsa fa. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sama-sama muke gaisawa. To shi ya sa.

A wannan aikin dai akwai wata yarinya, HND, wato babbar difloma, ta yi a Poli, ba digiri ba. Ita fom ɗinta ya fi na kowa ƙaranci. Ta kira da kanta ta ce yau ban cika adadi ba, masu sito sun ƙi magana, sun ɗauka 'yan haraji ne mu, gobe zan fara ta wajen shugabannin layi. Haka ta yi. Yanzu ita ke jagorantar masu fita fili a wurinmu, kuma ita ke duba aikin masu digirin. Don haka maganar HND da digiri, a ofishina dai babu ita. Kwas ɗin ma ban cika damuwa ba, akanta, tattalin arziki, aikin gona, lissafi, duk sun zauna.

Maganar satifiket kuwa, na ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, ga mai son ɓangaren kuɗi suna da amfani sosai, a fara da wuri. MBA, digiri na biyu a harkar kasuwanci, a makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, wannan sai ka yi aiki tukuna ka san abin da kake nema. Waɗannan kwasa-kwasan na kwana biyu da ake raba takarda a otal kuma… bar wannan, wata rana ma yi ta.

Kuɗi. Kar wanda ya yaudare ku. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun 2024, alawus ɗin bautar ƙasa ya koma 77,000 a 2025. Wanda ya fara da mu ba albashin wata yake samu ba, kuɗin aiki ne, gwargwadon kwanakin da ya fita. Wani watan ya fi wancan nesa, wani watan babu ko sisi. Mu kanmu sai mu gama aiki mu yi ta jiran a biya mu, musamman in na gwamnati ne. Sannan tun Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗin tallafinta na ƙasashen waje, har aka zo aka rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin, ayyukan ƙungiyoyi sun ragu ƙwarai, kuma mutanen da suka yi shekara goma suna wannan harkar sun dawo suna neman irin aikin da kuke nema. Da su kuke takara, ku sani. In Allah ya sa wani wuri ya ɗauke ka na dindindin, ko wurina ne ko wani, ka nemi takardar ɗauka a rubuce, ka tambayi fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kashi 10 cikin ɗari daga wanda ya ɗauke ka aiki. Kuma duk kamfanin da ya ce ka biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a ɗauke ka, shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba ko yana da rajista ma, kar ka tura ko kwabo.

Abin da za ka samu a ƙaramin wuri shi ne komai zai bi ta hannunka. Yau kana fili, gobe kana haɗa takardun neman kwangila, shaidar biyan haraji, ta hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, jibi kana zaune kusa da ni a gaban mai kamfani. A manyan wurare sai ka daɗe ba ka ga fuskar wanda ya ba da aikin ba. Da yawa daga yaranmu sun tafi banki, sun tafi ƙungiyoyi, wasu sun buɗe nasu, kuma ni na rubuta musu takardar shaida da hannuna. Abin da ba na yafewa kawai shi ne a tafi ana tsakiyar aiki ba sanarwa.

To ɗana, kai nake wa magana yanzu. Ga shagon Baffanka a Singa. Je ka roƙe shi ya bar ka ka riƙe masa lissafi na wata ɗaya, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi, kayan da suka kwana biyu ba su motsa ba. Ka zuba a Excel, ka rubuta shafi biyu a kan abin da ka gani da abin da kake ganin ya gyara. Ka fara nuna masa, in ya amince ka turo min, don sirrinsa ne. Muna sa ran wani aiki bayan kaka, in ya tabbata zan ba abokin aikina sunanka tare da abin da ka rubuta, shi zai gwada ka, ni ba zan zauna a wurin ba. Yaya, ki yi haƙuri, na san ba haka kika so ji ba, amma gwajin da ake wa 'ya'yan mutane shi za a yi masa. Sauran yaran ma duk mai so ya yi hakan, mata da maza. Ku turo ta imel, PDF, ba hoton takarda da aka ɗauka a kan katifa ba. Gobe da safe zan sa adireshin a nan. Sai da safenku.